Bayan an tashi daga zaman makoki

Malam Edita,

Ina so in ja hankalin ƴan'uwa Kirista na Damagaram kan matar da mijinta ya rasu. Makon farko gida cike yake da masu gaisuwa. Wahala sai wata na biyu, bayan ƙafa ta ɗauke, hatsin da aka kawo ya ƙare, ga mai gidan haya a bakin ƙofa.

Manzanni ba su yi wa wannan riƙon sakainar kashi ba: a Ayyukan Manzanni sura 6 an keɓe mutum 7 saboda abincin matan da mazansu suka rasu. Zumuntar mata ta ikilisiya ta yi koyi da su. A sa mata biyu su riƙa leƙa ta kowane mako har wata 6, su karanta mata Zabura 23 ko littafin Rut, su bar ta ta yi kukanta. Yawan "ki yi shiru, nufin Allah ne" yakan rufe mata baki, har addu'a ta gagare ta.

Dattawa su raka ta ofishin magajin gari a yanki takardar rasuwa da wuri. In marigayin ma'aikaci ne, babu fansho sai da takardar. Jari kuwa kada a damƙa mata lokacin makoki, a abincin baƙi zai tafi. A jira tukuna, sannan a sa ta cikin adashi.

Wani dattijon ikilisiya,
Zinder