Sanarwa: taro kan na'urar sakin kiɗa

Assalamu alaikum ƴan uwa mawaƙan Damagaram, da fatan kowa lafiya.

Ranar Asabar bayan la'asar za mu haɗu a Birni, inda muka saba, mu zaɓi na'urar da za mu saya. Mai waƙa shi kaɗai ba ya dogara da salula: kira ya shigo ko Bluetooth ya tsinke, sai kiɗa ya mutu gaban jama'a. Ni dai na fi son bafal, wato lasifika, mai batiri, mai karɓar USB da igiya, ko an ɗauke wuta biki ya ci gaba.

Kowa ya zo da kuɗi jaka biyu, da kiɗansa a USB biyu, WAV ko MP3, mu gwada a wurin. Mai uzuri ya aiko da nasa.

Allah ya bar zumunci.