Ɗingishin mai sikila ba na mai ɗori ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ƙanwata mai sikila, 'yar shekara 19, ta shekara biyu tana ɗingishi. Muka yi ta kai ta wajen mai ɗori, ana shafa man shanu, ana ɗaurewa da kara. Ashe jini ne ya daina isa kan ƙashin cinyarta, har ya mutu ya lotsa. Da aka yi hoto a Asibitin Ƙashi na Dala, likita ya ce da mun zo da wuri, ƙila da ɗan huda ƙashin ya wadatar. Yanzu sai an sa mata ƙugun ƙarfe, ga tsada, har gona muka sayar. Ina roƙon gwamnati ta tallafa wa masu sikila kan wannan tiyata.

Naka,
Wani mai karatu, Kano