Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kamfanin Da Ya Sayar Mana Da Zaren Raket

Zuwa ga Manajan Darakta,

Assalamu alaikum, Yallaɓai.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto wannan wasiƙa ne a madadin ƙungiyarmu ta masu buga badminton a nan Kaduna. Na fito da maganar fili ne saboda mun bi ta waya, mun bi ta WhatsApp, mun aika imel, ba inda aka saurare mu. Ban ambaci sunan kamfaninku ba domin har yanzu gyara muke nema, kuma kun san kanku.

Ƙungiyarmu ta masu sha'awa ce kawai. A cikinmu akwai malaman makaranta, akwai ma'aikatan jinya, akwai 'yan kasuwa da 'yan fansho, ga kuma ɗalibai da muke ɗauke wa kuɗin wata. Bayan la'asar muke haɗuwa, sai kuma safiyar Asabar. Ba mai ɗaukar nauyinmu. Raket mai kyau yakan yi shekaru a hannun mutum, takalmi ma yana jurewa, amma zare da shatil, wato ƙwallon gashin tsuntsu da ake bugawa, su ne ke cinye aljihu a wannan wasa, kuma duk wanda ke sayar da su ya san haka.

Tun watan Yunin 2023 da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, har dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, lissafin zare ya rikice mana. Ba a yin sa a Najeriya. Mai kyaun daga Japan yake zuwa, wani daga China, kuma kowane sabon kaya da sabon farashinsa yake sauka. Ga shi a garinmu ba kullum ake samu a shago ba, sai a jira wani ya taho daga Legas ko Abuja. Shi ya sa 'yan wasa suka koma tara zare. Wani ya sayi ƙananan fakiti masu mita 10, wanda kowanne raket ɗaya yake ɗaurewa, ya jibge a durowa. Mu kuma muka ga gara a haɗa kuɗi a sayi babban naɗi mai mita 200, wanda ke ɗaure raket ashirin, har da ɗan ƙari idan mai ɗaurin ba ya almubazzaranci.

Ana cikin haka tallarku ta iso mana. Kun ce a yi sari kafin sabon kaya ya shigo farashi ya tashi, kun kuma rubuta ɓaro-ɓaro cewa na asali ne. Muka zauna muka yi shawara. Samarinmu sun so zaren masana'antar Yonex samfurin BG66 Ultimax mai kaurin milimita 0.65 ko BG80 mai 0.68, don suna son ƙarar da siririn zare ke yi idan an kai simash, wato bugu mai ƙarfi daga sama. Ma'ajinmu ya ce shi ƙara ba ta dame shi ba, a sayi abin da zai daɗe. Muka tsaya a kan BG65 mai kaurin 0.70, wanda duk duniya aka san shi da juriya. Kuɗin da aka tura muku, wasu sai da suka jira albashi kafin su ba da nasu kason.

Kaya ya iso ta tasha. Naɗi ɗaya lafiya lau yake, ba mu da ta cewa a kansa, kuma shi ne ma ya tona asirin sauran.

Dattijon da ke ɗaure mana raket ya daɗe a sana'ar, tun zamanin da ake ja da hannu kafin inji ya wadata. Da ya buɗe naɗi na biyu, ya ja zaren tsakanin yatsunsa, sai ya yi shiru. Ya ɗauko guntun na farko ya jera su a kan farar takarda. Ido ma ya isa ya nuna cewa ɗaya ya fi ɗaya kauri. Ya murza rubutun da ke jikin zaren da babban yatsa, rubutun ya goge ya bar masa baƙi a fata. Ya ce da ni, "Malam, wannan dai ba shi ba ne, amma bari mu gwada don kada a ce mun yi gaggawa." Da ya fara saƙa layukan kwance a kan na tsaye, sai fatar zaren ta riƙa saluɓewa kamar saɓar maciji, tana taruwa a bakin ramukan firam. A fam 22 yake ja, wato ma'aunin ƙarfin jan zare. Yana zuwa ƙullin ƙarshe zaren ya tsinke.

Waɗanda aka samu aka ɗaure, ba su yi ƙarko ba. Zaren da ya kamata ya kai mai buga sau biyu a mako wata da watanni, sai ya saki tun a makon farko, shatil ya daina tashi, daga nan ya tsinke. Naɗin kansa ya ƙare tun ba a je ko kusa da raket ashirin ba, wato tsawon ma bai cika ba.

Ga inda abin ya fi ciwo. Idan zare ya tsinke a gefe ɗaya, sauran layukan suna ci gaba da jan firam, shi ya sa ake hanzarta datse su duka da almakashi. Wani ɗalibinmu bai san haka ba. Nasa ya tsinke ana dab da tashi, ya saka raket ɗin a jaka ya tafi gida. Da safe ya tarar da kan ya karkace, ya tsage ta sama. Raket ɗin nan kyauta yayansa ya ba shi, kuma ba shi da na biyu. Tun daga ranar aro yake yi.

Da muka kai kuka sashenku na kula da kwastomomi, amsar farko da aka ba mu ita ce hunturu ne. Yallaɓai, a cikin hunturu aka haife mu. Mun san sanyi da bushewar iska suna sa zare ya yi tauri, mun san yadda gashin shatil ke karyewa a watan Janairu har sai an turara shi. To amma naɗin farko ma a cikin wannan hunturun aka ɗaura shi, a inji ɗaya, da hannu ɗaya, kuma yana nan ana bugawa da shi. Hunturun zaɓe yake yi?

Sai aka koma cewa mun ja zaren fiye da kima. Manyan 'yan wasa irin su Anuoluwapo Opeyori, wanda ya wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta Paris a 2024, su ne ke da dalilin neman ja mai tsanani, kuma a matakinsu ana haura fam 28. Mu tsakanin 20 da 24 muke, wanda kowane raket na kirki ke ɗauka. Mun kuma san bambancin tsinkewa. Wanda ya bugi shatil da gefen firam, zarensa a gefe yake yankewa, laifinsa ne, ba ma kawo ƙara. Wanda ya tsufa, sai ya yi gashi-gashi a tsakiya kafin ya rabu. Naku har a kan inji yake tsinkewa, tun bai ga shatil ba.

Amsa ta ƙarshe ita ta sa na ɗauki alƙalami: wai kayan da aka buɗe ba a mayarwa. Ta yaya mutum zai san abin da ke cikin naɗin mita 200 bai buɗe ba? Ku kuka kira mu mu tara kaya na shekara guda, don haka ku ya kamata ku fi kowa sanin cewa wanda ya yi sari, idan aka cuce shi, ba cutar raket ɗaya aka yi masa ba. Da ƙaramin fakiti muka saya, da mun yi tsaki mun wuce.

Ba na ɗora wa masana'antar laifi, sunanta kawai aka liƙa a kwalin. Ko ku ma wani dila ne ya shigo muku da jabu, wannan tsakaninku da shi ne, mu a asusunku muka zuba kuɗi. Dokar kare haƙƙin masu sayayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ke da aibi cikin wata uku a canza masa ko a ba shi kuɗinsa, kuma rubuta "ba a mayarwa" a ƙasan rasit bai soke ta ba.

Abin da muke nema shi ne ku karɓi naɗin da suka rage, kuɗin mota a kanku, ku aiko da na asali ko ku dawo mana da kuɗinmu cikakke. Ku biya wa yaron nan raket ɗinsa. Sannan ku tuntuɓi duk wanda ya yi sari a wannan garaɓasa, domin akwai waɗanda suka adana nasu ba su buɗe ba tukuna, sai wa'adin ya wuce za su gane abin da suka saya.

Rasit, hoton tallar, guntayen zaren biyu da bidiyon ɗaurin duk suna hannunmu. Mun ba ku mako biyu daga yau. Idan ba mu ji daga gare ku ba, za mu miƙa su ga FCCPC tare da sunan kamfaninku.

Na gode.

Naku,
Sakataren wata ƙungiyar masu buga badminton,
Kaduna