Kallon tsuntsaye a kurmi da bakin teku: jan hankali ga 'yan jagora

Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin mu ja hankalin masu shirya yawon kallon tsuntsaye da masu bin su. Ana yawan haɗa kurmi da bakin teku a yini ɗaya, kuma haɗin yana da kyau, tunda tsuntsayen wuraren biyu sun sha bamban. Sai dai sau tari mutane kan dawo a gajiye ba su ga abin a zo a gani ba, a ce wai tsuntsaye ne ba su fito ba, alhali lokaci ne ba a tsara ba.

Kafin a sa ranar fita, a fara duba jadawalin cikowa da janyewar ruwan teku na wurin da za a je. A yawancin gaɓoɓi ruwa yana cikowa sau biyu a yini, da tazarar kimanin awa 12 da minti 25, don haka kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Jagoran da ya kai baƙi ƙarfe 4 na yamma yau suka tarar da tsuntsaye dab da su, in ya koma ƙarfe 4 bayan mako ɗaya zai tarar ruwa ya janye, tsuntsayen suna can nesa cikin laka kamar ɗigon tawada. Lokacin da ya fi shi ne awa biyu kafin ruwa ya gama cika. A sa'ilin ruwan ne da kansa ke koro zalɓe da ƙananan tsuntsaye masu kiwo a laka zuwa wajen da mutum yake zaune. A zauna rana tana bayan mutum, in ba haka ba baƙin inuwa kawai za a gani, babu launi. Kada kuma a bi su cikin lakar. Ruwa kan zagayo ta ƙananan kwazazzabai ya tare hanyar komawa tun mutum bai ankara ba.

Shi kurmi na sassafe ne. A isa kamar rabin awa kafin fitowar rana, domin awa biyu zuwa uku na farko ne tsuntsaye suka fi kuka da neman abinci. Da rana ta yi zafi sai wuri ya yi tsit. A kurmi kunne ke gaba, ido na biye, shi ya sa ayarin da ya wuce mutum shida zuwa takwas ba ya cin riba: hanya siririya ce, kafin na ƙarshe ya iso tsuntsu ya tashi. Jagora nagari yakan sa a riƙa sauya wuri a layi, na baya ya dawo gaba. Za a iya tafiya minti 40 ba a ga komai ba, sai kwatsam garken tsuntsaye iri-iri masu kiwo tare ya ratso, ganye na motsi sama da ƙasa, cikin minti goma su wuce. A nan ake gane gwani. Ba ya cewa "ga shi can". Yakan ɗauki bishiyar kamar fuskar agogo ya ce, "Bishiya mai farin jiki, wajen ƙarfe biyu, kan busasshen reshe."

Game da madubin hangen nesa, shawararmu 8x42. Lambar 8 tana nufin yana kusanto da abu ninki takwas, 42 kuwa faɗin gilashin gaba ne a milimita. Sababbin shiga kan ɗauka 12 ya fi 8, amma a duhun kurmi mai ninki 12 fili kaɗan yake nunawa, haskensa ya ragu, rawar hannu kuma ta ƙaru. A daidaita shi tun kafin a shiga: a rufe gilashin dama, a murza abin juyawa na tsakiya har idon hagu ya ga abu tangaran, sannan a rufe na hagu a murza zoben da ke gefen dama. Wanda bai yi haka ba zai yini da ciwon kai. In an hango tsuntsu, kada a sauke ido a dubi madubin, a bar ido a kansa a ɗago madubin zuwa fuska. A bakin teku ana buƙatar babban madubi mai ƙafa uku, mai ninki 20 zuwa 60, amma da tsakar rana hucin zafi kan sa hoto ya yi ta rawa, gara a tsaya wajen 30.

Abin da ya fi damun mu shi ne takura wa tsuntsayen. Wasu 'yan jagora kan kunna kukan tsuntsu a waya su yi ta maimaitawa har namijin ya bar sheƙarsa ya fito neman abokin hamayyar da babu shi. Wasu kuma kan matsa kusa da garken da ke hutawa a bakin ruwa don su tashi a ɗauki hoto. Da yawan tsuntsayen nan matafiya ne, kitsen jikinsu shi ne guzurinsu. A shekarar 2022, wani ɗan wata biyar daga cikin masu dogon baki da masana ke kira Limosa lapponica ya tashi daga Alaska bai sauka ba sai Tasmaniya a Ostareliya, kilomita 13,560 cikin kwana 11. Irin wannan tsuntsu, duk tashin da aka sa shi ya yi a banza an rage masa guzuri. Alamar an matsa da yawa a bayyane take: sun daina kiwo, sun miƙe wuya, wasu sun fara takawa suna nisa. Da an ga haka a tsaya, a ja da baya.

Shiri na jiki ba shi da wahala. Tufafi marasa ƙyalli, takalmi rufaffe, a cusa ƙafar wando cikin safa saboda kaska, hula, da ruwan sha aƙalla lita biyu ga kowane mutum.

Muna kuma roƙon a riƙa rubuta abin da aka gani a wurin, da lokaci da adadi, kurmi daban, bakin teku daban. Ana iya shigar da shi a eBird, rumbun bayanan da cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell a Amurka ta buɗe a 2002, inda masu bincike ke amfana da shi. Manhajar Merlin tana taimakawa wajen gane kuka, amma takan yi kuskure, saboda haka tsuntsun da ido ko kunnen jagora bai tabbatar ba kada a sa shi a lissafi. In an dawo, a hure yashin da ke kan gilashin madubi tukuna kafin a goge shi da tattausan ƙyalle mai ɗan danshi, domin yashi na karce gilashi, gishiri kuma na cin ƙarfe.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu kallon tsuntsaye