Kun lissafo ɗalibai, kun tsallake malamarsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan shirinku na daren Asabar, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci. Rabin awa cur kuna lissafo su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, kuna yabon ƙungiyar masu zane da suka kafa a Zariya a 1958, amma ko sau ɗaya ba ku ambaci Clara Ugbodaga-Ngu ba. Na kasa kunne ina cewa yanzu za su faɗa, yanzu za su faɗa, har aka sa kiɗan rufe shiri.

Haba Malam Edita! Matar nan fa a Kano aka haife ta. Ta je Landan ta yi karatun zane a makarantar Chelsea, ta dawo a 1955 ta kama koyarwa a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, a zamanin da Turawa ne suka cika sashen. Samarin da kuka yi ta kambamawa, a can suka tarar da ita tana malama. A shekarar da suka kafa ƙungiyar tasu, ita baje kolin zanenta ta yi a Landan, ita kaɗai. To da wane dalili aka tsallake ta? In kun ce ba ku samu bayani a kanta ba, ai wannan shi ne ya kamata ya zama shirin.

Abin ya taɓa ni ne saboda gwaggona, Allah ya jiƙanta. Shekara talatin ta yi tana koyar da zane a wata makarantar 'yan mata. A hannunta na tashi. Har yau ina ganin yatsunta, kullum da shuni a gefen farce, komai wankin da ta yi. Da albashinta take sayen takarda da fensir, in kuɗi ya yanke ta sa ɗalibai su tsinto gawayi a murhu. Tana da wata adaka a ƙarƙashin gado, wadda ko mu 'ya'yan gida ba ma taɓawa: littattafan tsara darasi, wasiƙun tsofaffin ɗalibai, hotunan aji, da zanenta na kanta, yawanci mata ne a bakin rijiya da masu rini a marina. Kowace takarda da kwanan wata a ƙasa, da jan biro.

Da ta rasu, na koma bakin aiki bayan sadakar bakwai. Kafin in dawo ta arba'in an raba kaya. An ƙirga atamfofi, an ƙirga kwanuka, adakar ma an ba wata, amma abin da ke ciki aka ce tarkace ne, aka juye a zaure. Yara suka kwashe. Da safe na aika a sayo ƙosai a ƙofar gida, sai ga shi a naɗe cikin zanen Gwaggo, mai ya jiƙe fuskar wata mata da tulu a ka, kwanan watan nan na jan biro yana nan a ƙasa. Wallahi ban iya cin ƙosan nan ba. Na bi gida-gida, abin da na tsira da shi takarda goma sha ɗaya ne da wasiƙa biyu, sauran an hura wuta da su. Da wani ya taɓa gaya mana cewa irin waɗannan takardu tarihi ne, ana ajiye su a wurare irin su Arewa House a Kaduna, da ko a kaina ne na ɗauka na kai.

Wa zai gaya mana in ba ku ba? Ku da ake saurara a kowane gida, kun nuna wa mutane cewa aikin malama mace bai kai a ambata ba, to don me dangi ba za su zubar da takardunta ba? Ladi Kwali mai ginin tukwane ma, ba don hotonta na jikin naira ashirin ba, da yaranmu ba su san ta ba. Ku nemi tsofaffin malaman sashen zane na Zariya tun suna raye, ku tambaye su ina wasiƙun Clara da hotunanta suke, ku yi mata shiri nata na kanta. Ba gyaran minti biyu a ƙarshen labarai nake nufi ba.

Sannan don Allah ku rage tallan maganin gargajiyar nan. Sau huɗu kuka katse baƙonku yana tsakiyar magana, har dattijon ya manta inda ya tsaya.

Naku mai sauraro kullum,
daga Zariya.