Baƙonku na daren Talata bai taɓa jiran albashi ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun daren Talata maganar baƙon nan da kuka yi hira da shi a shirinku ta tsaya mini a wuya. Wai abin da masu gabatar da shirye-shiryen dare na talabijin a Amurka suka yi wa ma'aikatansu, na tallafa musu da kuɗi lokacin yajin aikin marubutan fina-finai da talabijin, neman suna ne kawai, tunda attajirai ne, abin da suka fitar ko a jikinsu. Ya faɗa yana dariya, yaron naku mai gabatar da shirin kuma ya taya shi. Ni dai ban ga abin dariya ba, har uwargida ta tambaye ni da wa nake faɗa ni kaɗai a tsakar gida.

Shekara 19 na yi da kyamara a kafaɗa a wani gidan talabijin, don haka na san mutanen da malamin ya tsallake. Ranar 2 ga Mayu 2023 marubuta suka ajiye alƙalami, kwana 148 ba su ɗauka ba. Shirye-shiryen dare ne suka fara rufewa, domin barkwancinsu na kullum ne, da safe a rubuta da yamma a ɗauka. To mai kyamara fa? Mai kunna fitilu, mai gyaran sauti, mai kwalliya, yaron da ke jan waya? Ba su cikin ƙungiyar marubuta, ba wanda ya ji ta bakinsu kafin a fara, amma murhunsu ne ya fara mutuwa. Gidan talabijin na NBC ya biya ma'aikatan masu gabatar da shirinsa na dare, Jimmy Fallon da Seth Meyers, albashin mako biyu, su biyun suka biya mako na uku daga aljihunsu. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a ƙarshen Agusta suka haɗu da Stephen Colbert da Jimmy Kimmel da John Oliver, mutanen da a da kowa ke ƙoƙarin janye masu kallon ɗan uwansa, suka buɗe shirin hira na sauraro a intanet mai suna Strike Force Five, kuɗin tallar da aka samu na ma'aikatansu da ke zaune a gida. Ba a kansu aka fara ba ma. A yajin 2007, wanda ya kai kwana 100, Conan O'Brien ya ɗauki albashin ma'aikatansa kusan 80 waɗanda ba marubuta ba, David Letterman ma kamfaninsa ya ci gaba da biyan nasa. Ko ɗaya daga cikin wannan baƙonku bai kawo ba, sai riya, riya.

Bari in gaya masa yadda riya take a cikin tukunya. Mu ma an taɓa yin yajin aiki a wajenmu, ya haura wata biyu. Mu 'yan wucin gadi ne a lokacin, ranar da ka yi aiki ita ake lissafa maka. Yajin ba namu ba ne, amma an garƙame ƙofa, sai muka dawo gida. A mako na biyar 'yata ta kwanta da zazzaɓi, mai gidan haya kuma ya fara sallama tun da asuba. Na wanke ƙafa na tafi gidan babban mai gabatar da shirinmu, mutumin da na shekara shida ina gyara masa haske don fuskarsa ta yi kyau a idon jama'a. Mai gadi ya ce ba ya nan. Motarsa kuwa ga ta can ƙarƙashin rumfa, har da direban yana goge ta. Rance na je nema, ba kyauta ba.

Sai ga wata ƙaramar mai karanta labarai, wadda duk muke gulmar ta cika son a san da ita, ta aiko wa kowannenmu da rabin buhun shinkafa da galan na mai. Ba ta ɓoye ba, duk wanda ta haɗu da shi sai ta ba shi labari. Malam Edita, shinkafar nan ba ta ƙi dahuwa ba. Yarana sun ci, ba wanda ya tambayi niyyar mai kawowa. Niyya tsakaninta da Ubangijinta ce, har gobe ina yi mata addu'a, shi kuwa wancan ko a ɗaurin aure muka haɗu daga nesa nake ɗaga masa hannu.

Da baƙon naku cewa ya yi albashin mako ɗaya ba ya toshe ramin wata biyar, da na ce gaskiyarsa, domin kuwa haka ne. Da cewa ya yi nauyin na manyan kamfanoni ne, su da suka ja ƙafa har ƙarshen Satumba kafin su daidaita da marubuta, da na tafa masa. Amma ya bar jaki yana dukan taiki. Wanda ya bayar shi aka yi wa dariya, wanda ya rufe asusu ko sunansa ba a kira ba. In za ku sake taɓo wannan batu, ku leƙa bayan gilashin ɗakin shirin naku, ku kira mai haɗa muku sauti ku ba shi makirfo minti biyar. Ya fi malamin sanin zancen.

Sannan don Allah wannan kiɗan da kuke sakawa ƙarƙashin muryar mai magana ku rage shi. Mu da kunne ya fara nauyi rabin hirar muke ji. Na kira layinku sau huɗu a daren don in faɗi duk wannan, sai ƙara yake ba mai ɗauka, ga katin waya ya yi tsada.

Naku,
Tsohon mai ɗaukar hoto, daga Kaduna