Gyara kan labarin karas da matuƙan jiragen dare

Assalamu alaikum, Edita.

Na daɗe ina sauraron shirinku na kiwon lafiya. A makon jiya baƙonku ya ce matuƙan jiragen yaƙin Birtaniya sun riƙa gani cikin duhu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu saboda yawan cin karas. Ban ji daɗi da maganar ta wuce ba gyara ba, domin farfagandar yaƙi ce, kuma ta binne wahalar wasu bayin Allah.

Daga Satumban 1940 jiragen Jamus suka shiga yi wa Landan ruwan bama-bamai, dare 57 a jere. Kafin ƙarshen Mayun 1941 fararen hula fiye da 40,000 sun mutu a faɗin ƙasar. Jiragen Birtaniya da ake turawa su tare na Jamus kuwa lalube kawai suke yi. Cikinsu akwai na runduna ta 604, wadda aka kafa a 1930 da 'yan sa-kai masu zuwa atisaye a ƙarshen mako. A sansanin Middle Wallop aka ba ta jirgin Beaufighter mai manyan bindigogi huɗu, aka kuma ɗora masa na'urar rada mai gano jirgi cikin duhu. Daren 19 ga Nuwamban 1940 matuƙinta John Cunningham ya kakkaɓo jirgin Jamus samfurin Junkers 88. Da yake ba a so abokan gaba su san sirrin, sai aka bar 'yan jarida da labarin kaifin idonsa da karas, har aka laƙaba masa "Idon Mage", sunan da shi kansa bai taɓa so ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne mai kula da na'urar rada da ke zaune a kujerar bayan jirgin, irin su Jimmy Rawnsley da ya daɗe yana tashi tare da Cunningham. Cikin sanyi da ƙugin inji zai ƙura wa 'yan ƙananan gilasai biyu na radar ido, yana tsintar alamar jirgin maƙiyi daga cikin tarkacen haske. Na'urar ba ta hango abin da ya wuce mil uku ko huɗu, don haka sai masu rada na ƙasa sun fara kawo su kusa. Daga nan shi zai riƙa cewa hagu, dama, rage gudu, har matuƙi ya hangi inuwar jirgin ko wutar salansarsa. Ga haɗarin harbo ɗan'uwa bisa kuskure. Wannan mutum ba labarinsa aka yaɗa ba, na karas aka yaɗa.

Gaskiya ne karas na maganin dundumin da ƙarancin bitamin A ke haddasawa, kuma yaranmu na buƙatarsa. Amma mai lafiyar ido ko buhu ya cinye ba zai ga jirgi a tsakar dare ba. Don Allah ku gyara wannan a shiri na gaba.

Naku,
Mai sauraro daga Funtuwa